Yadda malami zai riƙa yi wa aikinsa hisabi bayan ya ajiye alli

Akwai tambayar da da wuya ta sami amsar gaskiya a ajujuwanmu, ita ce "Kun gane?" Daga firamaren Ƙofar Doka har sakandaren Samaru, a nan Zariya, amsar ɗaya ce, kuma da ƙarfi ake bayar da ita: "Mun gane, Malam!" Malami ya kakkaɓe alli daga hannunsa ya fita ransa fari. Sai ranar gwaji, ya zauna yin makin, ya tarar rabin ajin ko hanya ba su kama ba. Daga nan sai ɗakin malamai ya ɗauki zafi: yaran yanzu ba sa karatu, iyaye ba sa duba littafi, waya ta lalata tarbiyya, aji ya cika ya batse. Da yawa cikin waɗannan maganganu gaskiya ne. Sai dai babu ko ɗaya da malami zai iya gyarawa kafin safiyar gobe. Abin da ke hannunsa shi ne minti 35 ko 40 ɗin da ya tsaya gaban allo, kuma su ne ya fi komai rashin waiwaya. Laifi tudu ne.

Hisabin da nake nufi zama ne na ɗan lokaci bayan darasi, ka duba me ya faru, me ya jawo shi, me za ka sauya gobe. Musulmi bai baƙunci wannan ba, don mun taso muna jin maganar Sayyidina Umar cewa mu yi wa kanmu hisabi kafin a yi mana. A ɓangaren boko kuma, wani masani ɗan Amurka, Donald Schön, ya raba abin gida biyu a 1983: tunanin da gwani ke yi yana tsakiyar aiki, da wanda yake yi bayan ya gama. Na biyun za mu fi tsayawa a kansa, domin wanda ya saba da shi ne kan wayi gari yana iya na farkon ba tare da ya sani ba.

Malaman Jihar Kaduna kuwa sun ɗanɗana hisabin da wani ke yi wa mutum. A 2017 gwamnatin jiha ta yi wa malaman firamare kusan 33,000 jarrabawa, ta ce 21,780 ba su kai maki 75 cikin 100 ba. An yi ta muhawara a kan wannan, ba ita ce gabanmu ba yau. Abin lura kawai shi ne jarrabawa irin wannan tana auna abin da ke kan malami ne. Ba ta shiga aji ta ga ko abin ya ƙetara zuwa kan yara. Wannan aunawar babu mai iya yin ta kullum sai mai ajin.

Mataki na 1: Ka sayi littafi, ka ɓoye shi

Ƙaramin littafin rubutu irin na yara ya isa. Sharaɗin ɗaya ne: kada ya zama littafin tsara darasi da hedimasta ke sa wa hannu, kada kuma ya zama abin nuna wa jami'an sa ido in sun zo zagaye. Duk takardar da mutum ya san shugabansa zai karanta, kwalliya yake mata. Shi ya sa gurbin sharhi da ke ƙarshen takardar tsara darasi kusan kullum maganarsa ɗaya, wai darasi ya tafi daidai, wani lokaci ma tun kafin a shiga ajin aka rubuta. Wannan littafi naka ne kai kaɗai. Rubuta shi da Hausa, ko Turanci, ko ajami in shi ya fi maka sauri. Kada ka sa cikakken sunan yaro a ciki, harafin farko ya wadatar, don littafi yakan ɓace ya faɗa hannun da ba a so.

Mataki na 2: Kafin ka shiga aji, rubuta jimla ɗaya

Jimlar ita ce abin da yaro zai iya yi da hannunsa ko da bakinsa in an kaɗa ƙararrawa, wanda bai iya ba da safe. "Zan koyar da tara ɓangarori" ba ta yi ba, don aikinka ta faɗa, kuma ko kowa ya yi barci za ka iya cewa ka cika ta. "Yaro zai iya tara rabi da sulusi ya faɗi amsa" ita ce ake so. Duk wanda ya bi ta Kwalejin Ilimi ko Tsangayar Ilimi ta Jami'ar Ahmadu Bello an koya masa wannan, ya kuma yi shi da kyau lokacin koyon aikin koyarwa, saboda malaminsa na iya faɗowa ajin kowace rana da takardar ba da maki. Bayan an kama aiki ne abin ke komawa kwafe daga littafin bara.

In ba ka rubuta jimlar nan ba, da yamma ba ka da abin da za ka gwada darasinka da shi, sai dai yadda ka ji a ranka. Ji a rai kuwa mayaudari ne. Ranar da muryarka ta fita sosai, misalanka suka burge ka, yara suka yi tsit, ita za ka ɗauka ranar nasara, alhali wataƙila tsit ɗin na ɓata ne.

Mataki na 3: Ka karɓi shaida kafin ka fita

A nan duk aikin yake, don haka zan daɗe.

Mu a Zariya ba sai an je nesa neman misali ba. Alaramman makarantar allo a Unguwar Juma ko Kwarbai ba ya tambayar almajiri ko ya iya. Cewa yake, "Biya." In ya biya daidai a wanke allo a yi sabon rubutu, in ya yi tuntuɓe allon ya kwana yadda yake. Malamin boko shi ne ke wanke allo kullum bisa shaidar "mun gane".

Saboda haka ka ware minti 5 na ƙarshen darasi, ka daina magana. Rubuta tambaya ɗaya ko biyu a allo waɗanda suka fito kai tsaye daga jimlar da ka rubuta da safe. Kowane yaro ya amsa a 'yar takarda, shi kaɗai, ba sai ya sa suna ba. Monita ya tattara maka. Shafi ɗaya na littafi yakan ba da 'yan takardu 8 in an yayyaga, bayan tsofaffin takardun jarrabawa ma yana yi.

Na san abin da mai aji na yara 80 ko 100 zai ce, kuma yana da gaskiya: wa zai yi makin wannan kullum? Ba makin za ka yi ba. Ɗebi 20 kawai, amma ka tabbata ka haɗa da na layin baya da na gefen taga, ba na 'yan gaba masu ɗaga hannu kaɗai ba. Kasa su kashi uku a kan tebur: waɗanda suka samu, waɗanda suka kama hanya suka kauce, da waɗanda ba su ma san inda aka dosa ba. Aikin minti 3 ne. Tsawon kowane kashi ya riga ya gaya maka abin da "mun gane" ta ɓoye.

A ƙananan ajujuwa, inda rubutu bai zauna ba, sai a koma ga baki da yatsu. Ba su zaɓi uku, kowa ya rufe ido ya ɗaga yatsa ɗaya, biyu ko uku. Rufe idon yana da muhimmanci, in ba haka ba duk ajin gwanin aji za su kalla su bi. Ko ka kira yara 5 daga rajista, ba daga masu ɗaga hannu ba, kowa ya faɗa maka abin da aka yi da kalmominsa. Wanda ya maimaita maka jimlarka ta Turanci kalma da kalma, ce masa ya faɗa da Hausa. Nan take za ka san hadda ce ko fahimta.

Mataki na 4: Minti 10 na rubutu, a ranar

Lokacin tara, ko firiyod ɗin da ba ka da aji, ko bayan azahar kafin ka hau mashin. Malama mai komawa gida ta tarar da girki da yara, gara ta yi shi a makaranta kafin ta fito, don in ta shiga gida sai gobe. Abin da ya kwana ba a rubuta ba, zuciya takan yi masa gyara.

Fara da abin da ya faru, tsurarsa, kamar mai ba da shaida a gaban alƙali. "Yara sun yi surutu, ba su da tarbiyya" hukunci ne. Shaida ita ce: "Na juya baya ina kwafe rubutu a allo kusan minti 12. Surutu ya fara daga layin baya. Yara 6 ba su da biro." Da ka rubuta shi haka, ka ga tambayar ta sauya da kanta. Me yaro mai shekara 10 zai yi na minti 12 yana kallon ƙeyar malami?

Bayan shaida sai layi ɗaya a kan yadda ka shiga ajin kai kanka. Ka makara saboda cunkoso a PZ? Albashi bai shigo ba, mai gida ya aiko? An kwana da yaro ba lafiya? Rubuta. Ba don neman uzuri ba, don bayan wata guda za ka ga ko bulalar da kake ɗagawa tana bin laifin yara ne ko tana bin aljihunka. Malamai da yawa ba sa son wannan layi, kuma shi ne ya fi tona gaskiya.

Mataki na 5: Ka karanta kuskuren yara, kada ka tsaya a kan jan biro

Koma kan kashi na biyu na 'yan takardun nan, na waɗanda suka kama hanya suka kauce. Su ne masu amfani. Yaro ba ya kuskure haka siddan, akwai wata ƙa'ida da ya ƙulla a kansa yake binta da gaskiya. Aikinka ka gano ta.

Ga misalin lissafi. Ka ba da 1/2 + 1/3, yara 11 cikin 20 sun rubuta 2/5. Ba daƙiƙanci ba ne. Sun tara na sama da na sama, na ƙasa da na ƙasa, yadda aka koya musu tara lambobi tun aji ɗaya. In yara 11 suka faɗa rami ɗaya, ramin a cikin bayaninka yake. Gobe kada ka maimaita bayanin jiya da ƙarin ɗaga murya. Tambaye su: 2/5 ya kai rabi? Bai kai ba. To ta yaya za a ƙara wani abu a kan rabi a sami abin da bai kai rabi ba? Sannan ka kawo kuɗi. Rabin naira 600 nawa ne? 300. Sulusinta fa? 200. An tara, 500, wato kashi 5 cikin 6. Yarinyar da ke talla da yamma za ta riga kowa ba ka amsa, ita ɗin da ka daɗe da sawa a layin marasa ƙoƙari.

Ga na Hausa, wanda malamin Zariya ya fi kowa haɗuwa da shi. Yaro ya rubuta "motan Malam ya lalace", ka ja masa jan biro ka rubuta "motar Malam ta lalace". Mako mai zuwa ya sake. Dalili shi ne Zazzaganci ba ya raba jinsi yadda Daidaitacciyar Hausa ke yi. Abin da yaron ya ji a bakin kakarsa ya rubuta, kuma a kunnensa daidai ne. Jan biro ba zai cire masa shi ba, zagi kuma sai dai ya sa ya ji kunyar harshen gidansu. Abin da hisabi zai nuna maka shi ne ba ka taɓa ware darasi ka ce musu ga yadda muke faɗa a gida, ga yadda ake rubutawa a jarrabawa, ku jera su gefe da gefe ba. Haka ma ƙ, ɗ da ɓ: in yara da yawa suna rubuta "kasa" a gurbin "ƙasa", duba rubutunka na allo tukuna, wataƙila lanƙwasar taka ce ba ta fita daga layi na biyar.

In ka gano dalilan, raba su biyu. Rashin benci, rufin da ke yoyo da damina, yaran da ke zuwa ba karin kumallo, waɗannan ka rubuta su a bayan littafin, ka kai su taron malamai ko na iyaye. Na gaban littafin su ne waɗanda kai za ka iya taɓawa. Kada ka bar na baya su cinye na gaba.

Mataki na 6: Sauyi ɗaya tak

Rufe rubutun ranar da jimlar da ta fara da "Gobe zan". Abu ɗaya, ƙarami, wanda za a iya gani an yi ko ba a yi ba. "Gobe zan ƙara ƙoƙari" ba komai ba ce. "Gobe zan rubuta aikin a allo kafin yara su dawo daga tara" wani abu ne. Mai ɗaukar sauyi biyar a rana guda, ranar Laraba ya koma yadda yake.

In ka rasa da me za ka fara, ga wanda na fi ba da shawara, ba ya cin ko sisi. A farkon shekarun 1970 wata mai bincike a Amurka, Mary Budd Rowe, ta saurari darussa masu yawa da aka naɗa, ta gano cewa malami in ya yi tambaya ba ya jira fiye da kamar daƙiƙa ɗaya kafin ya maimaita, ko ya kira wani, ko ya amsa da kansa. Da aka horar da malamai su jira daƙiƙa 3 ko fiye, amsoshin yara suka ƙara tsawo, masu amsawa suka ƙaru, "ban sani ba" ta ragu. A wurinmu abin ya fi ma nauyi, don yaron sai ya juya tambayar daga Turanci zuwa Hausa, ya nemo amsa, ya sake juya ta. Gwada gobe: yi tambaya, ƙirga biyar a zuci kafin ka kira kowa. Shirun zai dame ka fiye da yadda kake zato. Daure.

Mataki na 7: Sau ɗaya a wata, ka ji kanka da kunnenka

Ajiye wayarka a kan tebur ta naɗi murya kawai, bayan ka sanar da shugaban makaranta. Ba bidiyo ba, kuma kada ko daƙiƙa ɗaya ta hau WhatsApp ko Facebook, 'ya'yan mutane ne. Da dare ka saurari minti 15 kana riƙe da biro. Ƙirga tambayoyi nawa ka yi, nawa ne amsarsu "e" ko "a'a" ce kawai, sau nawa ka ce "ko ba haka ba?", sau nawa ka amsa wa kanka. Saurari kuma kalmomin da ke fita bakinka in yaro ya yi kuskure. Akwai malamin da zai rantse bai taɓa ce wa yaro "jaki" ba har sai ya ji muryarsa.

Wata ranar kuma zana taswirar ajin a littafinka, ka ɗiga alama a gurbin duk wanda ka kira. Yawanci alamun kan taru a layi biyun gaba da tsakiya. A ajin da ya haɗa maza da mata, duba ɓangaren 'yan matan da kyau.

Mataki na 8: Ka ari idon wani

Akwai abin da ba za ka gani ba kome gaskiyarka, don kana tsaye gaba ne. Nemi abokin aiki ɗaya da ka yarda da bakinsa, ba shugabanka ba, ba kuma mai kai rahoto ofis ba. Kada ka ce masa ya zo ya ga koyarwarka, don kunya za ta sa ya ce maka ma sha Allah, ba laifi. Ba shi aiki takamaimai: "Malam, don Allah in ba ka da aji bayan tara, ka zauna min a baya ka ƙirga yara nawa ne suka buɗe baki a darasin nan." Ko tsakanin mata: "Yaya, ki duba min ko 'yan baya suna iya karanta rubutuna." Mako mai zuwa kai ma ka rama masa. In dattijo ne da ya kusa ritaya, ka je da ladabi, ka ce, "Baba, ina so ka gyara min." Irin waɗannan sun ga abubuwa da yawa, kuma da wuya a tambaye su. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Yaran ma suna da ido, sun fi kowa daɗewa suna kallonka. A tsakiyar zango ba su 'yar takarda ba suna, tambaya biyu: me Malam ke yi da ke sa ka gane, me yake yi da ke ɓatar da kai? Ka fita daga ajin monita ya tattara. Za ka sami shirme, za ka sami yabon neman suna, amma in yara 9 suka ce kana goge allo kafin su gama kwafa, to kana gogewa. Sharaɗin nan mai tsauri ne: in ka san za ka bi sawun rubutu ka gano wanda ya faɗi abin da ba ka so, kada ma ka fara.

Mataki na 9: Ƙarshen mako da ƙarshen zango

Ranar da makarantarku ke rufe mako, karanta abin da ka rubuta tun Litinin. Abu biyu kake nema: me ya maimaita kansa, kuma "gobe zan" nawa ka cika. Wanda ba ka cika ba sau biyu, ko ya yi girma ne ka rage shi, ko ba ka yarda da shi ba ka soke shi.

Ka rubuta darasin da ya yi kyau da irin kulawar da kake rubuta wanda ya lalace. Me ka yi daban ran nan? Wane misali ne ya sa ajin ya ce "au!"? Littafin da ba komai cikinsa sai laifi, mako uku za ka daina buɗe shi. In kuma ka tsallake kwanaki, kamar yadda kan faru da azumi ko makon jarrabawa, ka ci gaba daga ranar da ka tuna, ba a ramuwa.

In an yi hutun zango, ɗauki littafin da manhajar darasinka ka ajiye su gefe da gefe. A gaban kowane batu rubuta kalma biyu ko uku da fensir: wannan ya ci mako biyu ba ɗaya ba, wannan a fara shi da kuɗi, wannan sai an koma kan jinsi tukuna. Batutuwan da suka fi ba yara wuya ka ja su daga makon farko na komawa, lokacin da rabin aji bai dawo ba, ka kai su mako na uku. In ajin zai koma hannun wani malami a sabuwar shekara, kwafe masa shafi guda na kurakuran da yaran suka fi yi da abin da ya yi magani, ban da sunaye, ban da layin halin da kake shiga aji, ka miƙa masa tare da rajista.